Tambayoyi da Amsoshi a kan Tarihin Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa na Tururi ta Los Angeles

A gefen arewa na gandun shaƙatawa na Griffith da ke birnin Los Angeles, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wani layin dogo wanda faɗinsa bai wuce ɗani guda ba, amma jiragen da ke bin sa da wuta da ruwa suke tafiya, suna fitar da tururi, suna kuma jan taragu cike da mutane. Ƙungiyar da ta shimfiɗa shi ta haura shekara sittin tana aiki. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da asalinta, da mutanenta, da kuma yadda injunanta suke aiki.

Wace ƙungiya ce wannan, kuma mene ne ma'anar sunanta?

Sunanta na yanzu shi ne Los Angeles Live Steamers Railroad Museum, kuma an kafa ta a shekarar 1956. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda manufarta ita ce ilimantar da jama'a a kan tarihin jirgin ƙasa da kuma raya fasahar ƙera ƙananan injuna masu aiki da tururi. Kalmomin da ke tsakiyar sunan suna nufin masu tururi mai rai, wato tururin gaske wanda ke fitowa daga tukunyar da aka hura wa wuta, domin a bambanta irin waɗannan jirage da ƙananan jiragen lantarki da ake ajiyewa a kan tebur. A kan irin waɗannan jirage na tururi aka kafa ƙungiyar, shi ya sa sunan ya dace da ita sarai.

Shin waɗannan jirage ba kayan wasan yara ba ne?

A'a. Kan jirgin da aka fi gani a wurin kashi ɗaya ne cikin takwas na girman na gaske, a tsawo da faɗi da tsayi. Idan aka yi lissafi, takwas sau takwas sau takwas ya ba da 512, don haka kan jirgin da nauyinsa na asali ya kai tan 150 zai dawo kusan kilo 300 idan aka ƙanƙanta shi. Abin da ya kai wannan nauyi ba a ɗaukarsa da hannu. A bayan mota ko a tirela ake kawo shi, sannan a sauke shi da na'urar ɗagawa. Direbansa yana zama ne a kan taragon ruwa da makamashi da ke manne da shi ta baya, yana miƙa hannu cikin ɗan ɗakin tuƙi yana sarrafa shi, kuma babba daga cikinsu yana iya jan manyan mutane masu yawa a hawan tudu.

Daga ina wannan sha'awa ta samo asali?

Tushenta yana Ingila. A shekarar 1898 Percival Marshall ya fara buga mujallar Model Engineer a Landan, a wannan shekarar kuma aka kafa ƙungiyar masu ƙera ƙananan injuna a birnin. Shekaru da yawa bayan haka, yawancin masu wannan sana'a sun ɗauka cewa ƙaramin kan jirgi ba zai iya cin kwal kamar babba ba, sai dai a hura masa wutar sinadarin barasa a ƙarƙashin tukunya mai sauƙin gini. Wanda ya rushe wannan zato shi ne wani tsohon ma'aikacin reluwe mai suna Lawrence, wanda ya shahara da sa hannu a rubuce-rubucensa da haruffan LBSC. Ya ƙera wani ɗan kan jirgi mai suna Ayesha a kan dogo mai faɗin inci 2½, da tukunya irin ta manyan jirage wadda ke cin kwal, ya kuma nuna cewa wannan kan jirgi yana iya jan babban mutum. Gardamar ta yi zafi har aka shirya gwaji a bainar jama'a a baje kolin mujallar na shekarar 1924, inda aka haɗa Ayesha da wani kan jirgi mai suna Challenger na kamfanin Bassett-Lowke, wanda Henry Greenly ya zana.

Abin da ya fi gwajin muhimmanci shi ne abin da ya biyo baya. LBSC ya shafe shekaru masu yawa yana rubuta darussa a mujallar, daki-daki, da harshe mai sauƙi, yana nuna wa mai ƙaramin ƙarfi yadda zai ƙera kan jirgi a ɗan ɗakin bayan gidansa, kuma ya bar zane-zane fiye da ɗari kafin rasuwarsa a 1967. Da wannan ne sana'ar ta fita daga hannun attajirai masu sayen abin da kamfani ya ƙera, ta koma hannun makanikai da ma'aikatan ofis masu haƙurin koyo.

Mujallar tana isa Amurka, kuma masu karanta ta a can suka fara neman juna. A 1932 Charles Purinton na garin Marblehead a jihar Massachusetts ya kafa wata 'yan'uwantaka ta masu tururi mai rai, wadda babban aikinta shi ne rubuta sunayen masu wannan sha'awa da haɗa su da juna. A yammacin ƙasar kuwa, Victor Shattock, haifaffen Ingila wanda ke aiki da kamfanin jiragen ƙasa na Southern Pacific, ya shimfiɗa dogo a ɗakin ƙarƙashin gidansa a birnin Oakland, kuma daga masu taruwa a wurinsa ne aka kafa ƙungiyar Golden Gate Live Steamers a 1936. Saboda haka, a lokacin da mutanen Los Angeles suka kafa tasu, sun tarar da hanya a share, da zane-zane a rubuce, da kuma dattawan da suka riga su.

Me ya sa aka kafa ta a 1956 musamman?

Wanda ya dubi halin da reluwen Amurka ke ciki a wancan lokaci ba zai yi mamakin shekarar ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanoni suka shiga sauya kawunan jiragen tururi da na dizal cikin gaggawa, domin na dizal ba ya bukatar tsayawa shan ruwa a kai a kai, ba ya bukatar a kwana ana kula da wutarsa, kuma ma'aikatan da yake ci ba su kai na wancan ba. Kafin shekarar 1960 ta ƙare, manyan kamfanonin ƙasar sun daina amfani da tururi a aikin yau da kullum, kuma dubban kawunan jirage sun tafi wurin masu yanka ƙarfe.

Birnin Los Angeles ya riga ya yi wani yunƙuri na ceton kaɗan daga cikinsu, domin a ranar 14 ga Disamba 1952 aka buɗe gidan tarihin sufuri na Travel Town a cikin gandun Griffith, inda aka jera tsofaffin kawunan jirage da taragu na gaske. Sai dai waɗancan a tsaye suke, tukwanensu a sanyaye. Yaro yana iya taɓa su, amma ba zai ji ƙamshin kwal da mai ba, ba zai ga yadda ake riƙe wuta a hawan tudu ba. A ganina, nan ne darajar ƙungiyar 1956 take. Gidan tarihi yana adana ƙarfe, amma sanin da ke hannun direba da mai hura wuta ba ya ajiyuwa a cikin akwatin gilashi, sai dai a ci gaba da aikata shi, kuma hanyar da ta rage wa talaka ya aikata shi ita ce ya ƙanƙanta injin zuwa girman da aljihunsa da garejinsa za su ɗauka.

Yaya aka yi ƙungiya mai zaman kanta ta samu wuri a cikin gandun birni?

Gandun ya samo sunansa daga Griffith J. Griffith, ɗan asalin yankin Wales, wanda ya ba birnin kyautar fili mai faɗin eka 3,015 a watan Disamba na 1896 domin ya zama wurin hutawar jama'a. A yau faɗinsa ya haura eka 4,000. Filin da ƙungiyar take kai, a kan titin Zoo Drive kusa da Travel Town, mallakar birni ne, kuma tana amfani da shi bisa yarjejeniya da sashen kula da wuraren shaƙatawa. Ma'anar zaman a fili take. Membobi sun samu wurin da babu ɗayansu da zai iya saye a birni mai tsadar ƙasa kamar wannan, jama'a kuma sun samu jirgin da za su hau a ranar Lahadi. Ƙungiyoyi da dama na irin wannan sha'awa a Amurka da Birtaniya a kan irin wannan fahimta suke zaune da hukumomin garuruwansu.

Shin Walt Disney, shahararren mai shirya finafinan zane, ne ya kafa ƙungiyar?

Wannan ita ce tambayar da aka fi maimaitawa, kuma amsarta ita ce ba shi ya kafa ta shi kaɗai ba. Yana cikin membobin farko, ya kuma taimake ta da kaya, amma ƙungiyar aikin taron mutane ce. Duk da haka labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shiga tarihin wurin ta hanyoyi fiye da ɗaya.

Disney ya taso da son jirgin ƙasa tun yana yaro a garin Marceline na jihar Missouri. Abin da ya farfaɗo da wannan so a zuciyarsa bayan ya girma shi ne ma'aikatansa biyu, masu zanen majigi, wato Ward Kimball da Ollie Johnston. Kimball yana da kan jirgin tururi na gaske, mai cikakken girma, a bayan gidansa a San Gabriel, Johnston kuma yana da ƙarami wanda ake hawa. A 1948 Disney da Kimball suka je babban baje kolin jiragen ƙasa da aka yi a birnin Shikago, kuma da suka dawo sai Disney ya ƙudura yin nasa. Ya sayi fili a unguwar Holmby Hills, a kan titin Carolwood, ya gina gida, ya kewaye shi da dogo mai tsawon ƙafa 2,615, wato kusan mita 800, wanda ya sa wa suna Carolwood Pacific. Matarsa Lillian ba ta yarda dogon ya ratsa wurin da ta ware wa furanninta ba, don haka aka haƙa masa rami mai tsawon ƙafa 90 ya bi ta ƙarƙashi, aka kuma lanƙwasa ramin yadda wanda ya shiga ba zai hangi hasken ɗaya bakin ba.

Kan jirgin, wanda ya raɗa wa suna Lilly Belle don girmama matarsa, an kwaikwayo shi ne daga wani tsohon kan jirgi mai lamba 173 na kamfanin Central Pacific, a ma'aunin ɗaya cikin takwas. An ƙera shi a ɗakin makanikai na kamfanin Disney ƙarƙashin jagorancin Roger Broggie, kuma Disney da kansa ya zauna ya koyi aikin injin gurzar ƙarfe a hannun Broggie, ya yi wasu sassan da hannunsa. Jirgin ya fara zagaya gidan a 1950. A 1953 wani baƙo ya tuƙa shi da gudun da ya wuce kima a kan kwana, ya kauce daga dogo, tururin da ya tsere ya ƙona wata yarinya 'yar shekara biyar. Daga nan Disney ya dakatar da jirgin gaba ɗaya. Hankalinsa ya riga ya koma kan wani aiki mafi girma, wato wurin shaƙatawa na Disneyland, wanda aka buɗe a watan Yuli na 1955 da jirgin tururi yana kewaye shi.

Wato kenan, a lokacin da aka kafa ƙungiyar Los Angeles, dogon gidan Disney ya yi shekara uku a kwance. Shaharar sunansa takan rufe sunayen sauran mutanen, kuma wannan rashin adalci ne ga waɗanda suka haƙa ƙasa, suka zuba tsakuwa, suka ɗaure dogo sanda bayan sanda a ranakun hutunsu.

Ina aka kai kayan dogon gidan Disney bayan an rufe shi?

A 1965 Disney ya ba ƙungiyar ƙafa 1,500 na dogon tare da gadar katakonsa, aka shimfiɗa su a wani sashe na filin da har yanzu ake kira da'irar Disney. An kammala aikin a 1966, shekarar da ya rasu a ranar 15 ga Disamba. A 1968 Lillian ta ba da ragowar dogon. Sandunan asali sun gaji da ɗaukar nauyin jama'a, daga baya aka cire su aka sa masu ƙwari, amma sunan wurin bai sauya ba. Shi kuwa kan jirgin Lilly Belle yana gidan tarihin iyalin Disney a birnin San Fransisko.

Mene ne jan ginin katako da ke cikin harabar?

Wannan shi ne ɗakin aikin Disney, wanda ya gina a bayan gidansa da siffar siton gona, don tunawa da wanda ya sani a gonar iyayensa a Marceline. A cikinsa yake gyaran taragu, daga cikinsa kuma yake sarrafa mahaɗun dogon da lantarki. Bayan rasuwar Lillian a watan Disamba na 1997 aka sayar da gidan, kuma da ya tabbata za a rushe shi, 'yarsu Diane Disney Miller ta sa aka kwance siton a tsanake, aka sake haɗa shi a filin ƙungiyar. An buɗe shi ga jama'a a ranar 19 ga Yuli 1999.

Ya kamata a lura cewa ba ƙungiyar masu tururi ce ke gudanar da shi ba. 'Yan sa-kai na gidauniyar Carolwood ne ke kula da shi, kuma tushen wannan tafiya yana komawa ga Michael Broggie, ɗan wancan makanike da ya koya wa Disney aikin ƙarfe. Ana buɗe siton ne a Lahadi ta uku ta kowane wata. A kusa da shi akwai ƙaramar tashar da Ollie Johnston ya yi amfani da ita a dogon gidansa, da kuma wani tarago daga jerin taragun fasinja na farko na Disneyland, jerin da ake kira Retlaw 1, wanda sunan Disney na yanka, wato Walter, ne aka karanta daga ƙarshe zuwa farko.

Me ya sa faɗin dogon ya zama inci 7½?

Dogon manyan jirage na Amurka faɗinsa milimita 1,435 ne tsakanin sanda da sanda, daidai da na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, yayin da tsohon layin da ya isa Kano a 1911 yake da milimita 1,067. Idan aka raba 1,435 gida takwas, za a samu kimanin milimita 179, wato inci 7 da ɗan ɗoriya. Masu ƙira a Ingila suka tsaya a kan inci 7¼, kuma wannan ma'auni ne ya bazu a yawancin duniya har da arewa maso gabashin Amurka. Sauran sassan Amurka, har da Kalifoniya, suka tsaya a kan inci 7½, wato milimita 190 da rabi.

Bambancin rubu'in inci ne kawai, kimanin milimita 6, amma ya isa ya hana kan jirgin wani yanki bin dogon wani yankin lafiya, musamman a mahaɗa. Dogon gidan Disney ma na inci 7¼ ne, saɓanin na ƙungiyar. Sandunan dogo ana iya sake shimfiɗa su a kowace tazara, amma ƙafafun kan jirgi a matse suke a kan sandarsu, gyara su kuwa babban aiki ne. Ban da babban layin, ƙungiyar tana da ƙananan layuka na inci 4¾ da na inci 3½ domin membobin da injunansu ba su kai wancan girma ba.

Yaya ake tayar da irin wannan kan jirgi?

Da sassafe ake farawa, a wani wuri da aka ɗaga dogo sama da ƙasa yadda mutum zai iya duba ƙarƙashin injin yana tsaye. Da farko ana cika tukunya da ruwa har ya bayyana a cikin ɗan bututun gilashin da ke nuna matakinsa. Sai a kunna wuta a murhun da ke bayan tukunya, da itace ko gawayin da aka jiƙa da kananzir, a riƙa ƙara kwal kaɗan-kaɗan. Wasu injunan gas suke ci, wasu mai. Zafin wutar yana bi ta cikin ƙananan bututu da suka ratsa tsakiyar ruwan, ya fita ta bututun hayaƙi a gaba. Tun da sanyayyen inji ba shi da abin da zai ja masa iska, ana ɗora ƙaramar fankar lantarki a bakin bututun hayaƙin, ko a hura iskar kwamfaresa, har sai tururi ya taru yadda injin zai iya jan iskarsa da kansa. Wannan yakan ci rabin sa'a zuwa sa'a guda, kuma gaggawa a nan tana wahalar da ƙarfen tukunya. A cikin wannan jira ne ake bin kowace gaɓa da butar mai.

Idan allurar ma'auni ta kai wajen fam 100 zuwa 125 a kan kowane murabba'in inci, wato ninki uku ko huɗu na iskar tayar ƙaramar mota, inji ya shirya. A irin wannan matsi ruwa ba ya tafasa a digiri 100, sai ya kai kusan digiri 170. Direba yana buɗe maƙogwaron tururi, tururin ya shiga silinda, ya tura fistan gaba da baya, sanduna kuma su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, kuma wannan fitar ce ke jan iska ta cikin wuta, don haka duk lokacin da injin ya ƙara wahala, wutarsa ƙara ci take yi. Sautin nan da kowa ya san jirgin tururi da shi daga nan yake fitowa.

A babban jirgi mutum biyu ne ke raba aikin, direba da mai hura wuta. A ƙarami mutum ɗaya ne ke yin duka: idonsa a kan hanya, a kan gilashin ruwa, a kan allurar matsi, hannunsa kuma a kan ɗan shebur da bai fi cokalin miya girma da yawa ba. Dole ya ƙara kwal kafin ya iso tudu, ba bayan ya fara hawa ba, dole kuma ya san cewa ruwan sanyin da ya tura cikin tukunya zai sauke masa matsi na ɗan lokaci. Ana tura ruwan ne da famfon da ƙafar jirgi ke motsawa, ko famfon hannu, ko wata na'ura marar sassa masu motsi wadda Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙira a 1858, wadda ke amfani da tururin tukunya wajen cusa ruwa cikin ita tukunyar kanta.

Babu haɗari a cikin wannan aiki?

Akwai, kuma masu yin sa ba sa ɓoye hakan. Babban abin tsoro shi ne ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya bushe, domin ƙarfen da wuta ke ci ba tare da ruwa a bayansa ba yana yin laushi ya tsage, wani ɓangare na ruwan da ke ciki kuma ya rikiɗe tururi nan take, ya kumbura ninki fiye da 1,600. Saboda haka ƙungiyoyi irin wannan ba sa barin a hura wuta a tukunyar da ba a gwada ba. Ana cika ta maƙil da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo har ya wuce matsin aikinta, galibi da rabi, a duba ko za ta yi yoyo. Ana amfani da ruwa ne a gwajin ba iska ba, domin idan wani wuri ya tsage ruwa tsiyaya kawai zai yi. Sannan a gwada bawul ɗin kariya a tabbatar yana buɗewa da kansa idan matsi ya kai iyaka. Ƙananan tukwane da jan ƙarfe ake yin su a liƙe da azurfa, manya kuma da baƙin ƙarfe a yi musu walda.

Haɗari na biyu shi ne gobara. Kudancin Kalifoniya yana da dogon rani, kuma tuddan gandun Griffith cike suke da busassun ciyayi. Gobarar 1933 ta halaka ma'aikata 29 a gandun, ta watan Mayu na 2007 kuma ta cinye fiye da eka 800. Wanda ke tuƙa inji mai tartsatsi a irin wannan wuri ba shi da uzurin sakaci, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa gas ya samu karɓuwa a wurin masu tururi na yankin.

Su wane ne ke ƙera waɗannan injuna, kuma tsawon wane lokaci suke ɗauka?

Yawancinsu mallakar membobi ne, kuma da yawa masu su ne suka ƙera su a garejin gida. Mai ƙira yana sayen zane da ɗanyen zubin ƙarfe na ƙafafu da silinda daga ƙananan kamfanonin da ke wannan sana'a, sauran aikin kuwa, na gurza da huda da gogewa har sassa su shiga juna ba tare da rata ba, nasa ne. Aikin yana cin dubban sa'o'i, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya shekara biyar ko goma a kan inji ɗaya, yana yi da dare da ƙarshen mako. Akwai injunan da masu su suka rasu ba su gama ba, wani ya karɓa ya ƙarasa, akwai kuma waɗanda suka wuce hannu uku ko huɗu suna aiki har yau.

Ba kowane memba ne maƙeri ba. Layin dogo yana bukatar masu gyaran hanya, da masu wayar lantarki na fitilun ba da hannu, da kafintoci, da masu fenti, da masu tsaron tasha, da kwandastan da ke zama a taragon ƙarshe yana lura da fasinja. Sabon shiga yakan fara da irin waɗannan ayyuka, yana kallon dattawa, kafin a amince masa ya riƙe wuta.

Idan sunan ƙungiyar na tururi ne, me ya kawo jiragen dizal da na batir?

Da tafiya ta yi nisa, membobi suka fara kawo kawunan jirage masu siffar na dizal, waɗanda a cikinsu ƙaramin injin fetur ne ko batir. Dalilan a bayyane suke: sun fi araha, ana tayar da su cikin minti kaɗan, kuma matasan da suka taso ba su taɓa ganin jirgin tururi a bakin aiki ba, na dizal suka sani suka kuma so. A ranar da layin jama'a ya yi tsawo, su ne ke ɗauke yawancin nauyin. Ƙungiyar Riverside Live Steamers, wadda ke gabas da Los Angeles, ta zaɓi wata hanya dabam, ta tsaya a kan tururi zalla.

Ina ganin kowane ɓangare yana da hujja. Buɗe ƙofa ya kawo mutane da hannayen aiki waɗanda da ba su zo ba, kuma wasu daga cikinsu ta kan injin batir suka shigo, daga baya suka koma tururi. Abin da nake jin tsoro shi ne sauƙi ya rinjayi wahala a hankali, har a wayi gari masu iya riƙe wutar kwal sun zama 'yan ƙalilan, domin wannan sani shi ne dalilin kafa ƙungiyar tun farko.

Daga ina kuɗin gudanarwa ke fitowa?

Daga kuɗin shekara na membobi, da gudummawar da fasinja ke bayarwa, da kyautar masu fatan alheri. Shekaru da dama ƙungiyar ta riƙa shirya zirga-zirgar dare a watan Oktoba, lokacin bikin Halloween, inda ake ƙawata gefen dogo da fitilu da siffofi, kuma wannan ya kasance babbar hanyar samun kuɗinta. Abin da ya fi kuɗi yawa a lissafin shi ne aikin da ba a biya, domin da leburori da makanikai ake ɗauka, da gudummawar Lahadi ba ta riƙe wurin ba.

Ita ce mafi daɗewa ko mafi girma a Amurka?

Ba ita ba ce. Ta Golden Gate, wadda dogonta yake gandun Tilden kusa da Berkeley, ta girme ta da shekara ashirin. Ta fuskar tsawo kuwa, babu mai kama ƙafar Train Mountain da ke kusa da garin Chiloquin a jihar Oregon, wanda Quentin Breen ya fara a 1987, kuma dogonsa na inci 7½ ya haura mil 30. Abin da ya bambanta ta Los Angeles shi ne zamanta a tsakiyar babban birni, inda dubban yara ke fara jin usur ɗin tururi a rayuwarsu.

Me baƙo zai tarar idan ya je?

Ana ɗaukar jama'a ne a ranar Lahadi, daga hantsi zuwa wajen ƙarfe uku na rana, idan yanayi ya bari. Fasinja yana zama a kan tarago kamar yadda ake hawa doki, ƙafa ɗaya a kowane gefe, kuma ana gargaɗinsa kada ya karkata ko ya miƙa hannu waje, domin a kan dogo mai wannan ƙanƙanta nauyin mutum ɗaya yana iya kayar da tarago. Hanyar tana da tsawon kimanin mil ɗaya da rabi, tana bi ta kan gadoji, ta cikin ramuka, da gefen ƙananan garuruwan da membobi suka gina daidai da ma'aunin jiragen. A harabar akwai tsofaffin taragu na gaske masu cikakken girma. Sau biyu a shekara, a ƙarshen watan Mayu da kuma lokacin kaka, ana yin babban taro inda masu tururi daga wasu ƙungiyoyi ke zuwa da injunansu.

Wanda yake son ganin komai a rana ɗaya, Lahadi ta uku ta wata ita ce ta dace da shi, domin a ranar ne ake buɗe siton Disney, a ranar ne kuma ake hura wuta a wata tukunyar tururi ta girke, wadda ke juya tsofaffin injuna irin waɗanda masana'antun ƙarni na 19 suka yi aiki da su.